Yadda za ki fara motsa jiki ba tare da kin tsani jikinki ba

Saura wata biyu bikina wata 'yar'uwar mahaifiyata ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Ke kuwa haka za a kai ki, kamar sillen kara? Dangin miji su ce da yunwa muka raine ki?" Washegari aka aiko mini da ƙwayoyi ƙulle a leda, ba kwali ba suna, wai sha-ka-fashe. Na sha. Cikin sati uku kumatuna suka cika, kowa yana sa albarka, ni kuwa barci ya ƙaurace mini, ƙirjina yana zafi, ƙuraje suka feso mini a baya. Bayan shekara shida, ina da yara biyu, wata mai sayar da abaya da nake saka wa kaya ana ɗauka ta hoto ta ce mini a gaban mai kyamara, "Hajiya, wannan tumbin fa yana ɓata mana kaya." Na dawo gida na yi kwana huɗu ba na cin komai sai kokwamba da ruwan zafi, har jiri ya kayar da ni a bakin murhu.

Yanzu shekara takwas ke nan ina koya wa mata motsa jiki a tsakar gidanmu a Kaduna, kuma kusan duk wadda ta shigo da irin wannan tabon take zuwa. Abin da nake gaya musu a ranar farko shi zan gaya miki, 'yar'uwa.

Kafin ki sayi ko da takalmi, ki samu littafi ki rubuta abin da kike so jikinki ya iya yi. Idan na tambayi mace me ya kawo ta, amsar farko takan zama "ina so cikina ya shafe" ko "ina so in ciko ta ƙasa". Sai in ce na ji, to ban da wannan fa? A nan gaskiya take fitowa. Wata tana so ta hau benen ofis ba ta haki. Wata ta gaji da dafa gwiwa idan za ta taso daga sujada. Wata dattijuwa ta ce mini ta biya kuɗin Umara, kuma ba ta so a tura ta a keke tsakanin Safa da Marwa, wanda zuwa da dawowa sau bakwai ya haura kilomita 3. Irin wannan burin kina iya auna shi da kanki, kuma ba mai iya zuwa gobe ya ce miki an daina yayinsa.

Daga nan ki je a auna miki hawan jini da sukari. Idan kina da ciki, ko ba ki daɗe da haihuwa ba, musamman idan aiki aka yi miki, ko kina da ciwon zuciya ko asma, likita ne zai faɗa miki lokacin farawa. A gida kuma ki karɓi tef na tela ki auna ƙugunki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwatangwalo. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada ƙugu ya kai rabin tsawonki. Mai tsawon santimita 160 tana so ƙugunta ya tsaya ƙasa da 80. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini, ba na cinya da mazaunai ba. Sikeli kuwa ki tura shi ƙarƙashin gado. Nauyin mace yakan hau ya sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa, gishiri, ko gabatowar al'ada. Na ga matan da wannan hawa da sauka ya hana su karin kumallo. Sau ɗaya a wata ya ishe ki.

Sai maganar magunguna, kuma a nan zan daɗe, don nan ne aka fi cutar da mu. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba haɗi ne na dexamethasone da cyproheptadine. Na biyun maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki ya sa barci. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa ga cututtuka na musamman, a ƙididdige. Idan aka daɗe ana shan sa yana tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska ta zama kamar faranti, ya tara kitse a ciki da doron wuya, hannu da ƙafa kuma su sirance. Yana tayar da sukari da hawan jini, yana cinye ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki, fata ta yi laushi ta tsattsage. Cikar da ake yaba miki kumburi ne. Ki kula da wannan sosai: idan kin yi makonni kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, yankewa farat ɗaya na iya kai mutum gadon asibiti. Ki ɗauki ledar yadda take ki kai wa likita, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina sha, shi zai rage miki a hankali. Ba likitan da bai saba jin wannan labarin ba, kada kunya ta hana ki.

Shayin rage ƙiba shi ma yawanci ganyen filasko ne a ciki, wato maganin wanke ciki. Abin da kike zubarwa a banɗaki ruwa ne da gishirin jiki, kitsen yana nan inda yake. Ɗamarar matse ciki kuma tana aiki ne muddin tana jikinki, kina cirewa ciki ya koma mazauninsa. Ba na barin kowa ta yi motsa jiki da ita a gidana, don tana hana numfashi sauka.

To yaya ake farawa? Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne wanda za ki iya magana kina yi amma ba za ki iya rera waƙa ba. Kada ki nemi cika wannan adadin a makon farko. Ki fara da tafiya mai ɗan sauri ta minti goma sha biyar, kwana uku, bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya. Idan fita ba ta yiwuwa, zagayen tsakar gida ma tafiya ce. Kowane mako ki ƙara minti biyar.

A mako na uku ki shigo da ƙarfafa jiki. Kayan aikina na farko kujerar roba ce da gorunan ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi, kowace kilo ɗaya da rabi ke nan. Ki tsaya gaban kujera, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, ki tura mazaunai baya kamar za ki zauna, da kin taɓa kujerar ki miƙe, nauyinki a kan dunduniya. Sau goma, ki huta, ki sake sau goma. Ki dafa bango da tafin hannu biyu, ki kai ƙirji kusa da shi ki tura kanki baya. Ki kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a tanƙware, ki ɗaga ƙugu sama ki ƙirga uku ki sauke. Ki sunkuya kaɗan, baya a miƙe, ki ja gorunan zuwa haƙarƙari. Waɗannan huɗun sun ishe ki wata biyu. Ranar da sau goma sha biyar ya zama wasa, ki zuba yashi a gorunan. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma ciwo mai suka a gwiwa ko baya, jiri, ko nauyi a ƙirji, ki tsaya nan take.

Ana yawan tambayata ko ɗaga nauyi zai mayar da mace kamar namiji. Ba zai yi ba, sinadarin da ke gina irin waccan tsokar kaɗan ne a jikinmu. Abin da zai ba ki shi ne ƙashi mai ƙwari, wanda za ki nema ruwa a jallo bayan al'ada ta ɗauke. Wani abin kuma da masu talla ba sa faɗa: ba a zaɓar inda kitse zai narke. Ko sau ɗari kika yi atisayen ciki a rana, jiki ne zai zaɓi inda zai fara ragewa, kuma gado yana da hannu a ciki. Ki dubi mahaifiyarki da innoninki. Cikin da ya ɗauki yara huɗu zai yi ƙarfi, ciwon baya zai ragu, amma fatar da nankarwar ba lallai su tafi ba. Nawa suna nan, kuma ina ɗaga jarkar lita 25 in kai ta kicin ba tare da na kira kowa ba.

Kaya ba sai masu tsada ba: wando mai faɗi na auduga, riga doguwa, ƙaramin hijabi da ba zai riƙa harɗe ki ba, kambas mai laushin ƙasa. Inda za ki kashe kuɗi shi ne bireziya mai riƙe ƙirji da kyau.

Abinci kuma ban taɓa raba mace da tuwo ba. Ki rage malmala, ki ƙara miyar ganye, ki tabbata akwai wake, ƙwai, kifi, awara ko nono a kwanonki kullum. Lemon kwalba ne ya kamata ki sa wa ido, babbar gora ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali goma ko fiye. Mai son ƙara jiki ta lafiya ta ƙara yawan ci, da gyaɗa, dabino, fura da nono, ta haɗa da ɗaga nauyi, ta kuma yi haƙuri da watanni. A watan azumi ki sassauta, ki mayar da atisayen bayan tarawihi.

Akwai alamun da idan kin gan su a kanki ko a 'yarki, magana ta wuce ta motsa jiki. Al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki ba shayarwa. Gashi yana zuba. Tana jin sanyi ana zafi. Tana ɓoye abinci, ko ta shige banɗaki da zarar ta gama ci. Wannan ciwo ne, kuma yana kisa. A watan Nuwamba 2006 wata mai tallan kaya 'yar Brazil, Ana Carolina Reston, ta rasu tana da shekara 21, nauyinta kusan kilo 40, sanadin ƙin cin abinci. A shekarar ne masu shirya bikin nunin kaya na Madrid suka hana 'yan matan da suka rame fiye da kima hawa dandali. Mu a nan sai mu ce aljanu ne ko sammu, ko mu yi ta yabon yarinya tana ƙarewa. A kai ta asibiti.

Wayarki ma tana buƙatar shara. Na tsaya a bayan mai gyaran hoto na ga yadda ya matse mini ƙugu da yatsa ɗaya, ya haska fatata har ni kaina ban gane wuyana ba. Hoton ya fita, mata suna tambaya a ƙasa wane mai nake shafawa. Tun Oktoba 2017 doka a Faransa ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla idan an sauya surar jikin mai tallan. Mu ba mai rubuta mana. A 2021 takardun cikin gida na kamfanin Facebook suka fito fili, inda bincikensu ya nuna cewa cikin 'yan matan da dama ba sa jin daɗin jikinsu, kusan ɗaya cikin uku sun ce Instagram ya ƙara musu damuwar. Duk shafin da kika kalla kika tashi kina jin haushin kanki, ki daina bin sa yau.

Idan kuma kina cikin masu saka kaya ana ɗaukar hoto, ko kina sha'awar shiga, sana'a ce, ki riƙe ta da sharuɗɗa. Ku yi magana a rubuce kafin ranar, ko da ta WhatsApp ce: nawa za a biya ki, a ina hoton zai fito, har tsawon wane lokaci, da fuska ko ba fuska. Ki faɗa tun farko ba a sauya miki launin fata ko surar jiki. Ki tambayi inda za ki canja kaya da wanda zai kasance a wurin, ki tafi da 'yar rakiya. Ki ba su awonki na gaskiya su kawo kaya daidai ke, kada ki yarda a ce ki rage jiki don ki shiga riga. Halima Aden, Basomaliyar da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya ta tashi a Amurka, ta kai ƙololuwa a wannan harkar da hijabinta, har da sharaɗinsa a kwantiraginta. Duk da haka a Nuwamba 2020 ta ajiye aikin, ta ce kaɗan-kaɗan aka yi ta rage mata hijabin har ta kai an ɗora mata wandon jins a ka a madadinsa. Idan mai kwantiragi ta zame haka, ke da kike aiki da baka kawai sai kin fi ta tsayawa.

Bakin mutane ba zai rufu ba. Kina raguwa za a ce miji ba ya ciyar da ke, kina ƙaruwa a ce kin saki jiki. Ga manya ina da amsa ɗaya da ba ta jawo gardama: "Umma, likita ne ya ce in riƙa yi saboda hawan jini." Maigida kuma ki jawo shi tun farko, ki nuna masa littafinki da awon asibiti, in ya yarda ku riƙa tafiyar asuba tare. Ki nemi maƙwabciya ɗaya ko biyu ku sa rana da lokaci, don ranar da kasala ta kama ki sallamarsu a ƙofa ce za ta tashe ki. In rashin lafiyar yaro ko biki ya katse ki sati biyu, ki koma daga rabin inda kika tsaya, ki rubuta kwanan watan a littafin ki ci gaba.