Karatun Gudanar da Harkar Jiragen Sama Haɗe da Kasuwanci: Shawarata ga Mai Shirin Shiga

Wannan digirin ba ya mayar da mutum matuƙin jirgi. Na fara da haka ne domin yawancin matasan da ke tambayata a kan kwas ɗin, da mun ɗan zanta sai in gane zuciyarsu na can gaban jirgi, inda matuƙa ke zama. In tuƙi kake so, hanyarsa daban ce: makarantar koyon tuƙi, gwajin lafiya, tara awannin tashi, sannan lasisi. Shi wannan karatun na mutanen ƙasa ne, masu tsara garin da jirgi zai je, ƙarfe nawa zai tashi, nawa za a sayar da kujera, sayen jirgin za a yi ko hayarsa, kuma wa zai biya idan jakar fasinja ta ɓata. A wannan ɓangaren nake aiki, wajen tsara hanyoyi da kuɗin tikiti, kuma ina son aikin har zuciyata. Shi ya sa nake so mai shigowa ya shigo da idonsa a buɗe.

Duk darussan da za a koya maka, a kan gaskiya ɗaya suke tsaye: kujerar jirgi haja ce da ba ta ajiyuwa. Da an rufe ƙofa jirgi ya ja da baya, kujerar da ba kowa a kanta ta tafi ke nan har abada, alhali an riga an zuba mai, an biya matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi, an biya kuɗin sauka. Bari in ba ka lissafi na misali, irin wanda za ka yi ta maimaitawa har ka kammala. Jirgi mai kujera 180 zai yi tafiyar kilomita 1,000, a ce tafiyar ta ci wa kamfani dala 18,000. Fasinjoji 144 suka shiga, wato an cika kashi 80 cikin ɗari. Kafin kamfanin ya fitar da uwar kuɗinsa kawai, sai kowane fasinja ya biya dala 125 a matsakaici. To, abokin gasa ya karya farashi, kai ma ka sauko zuwa dala 110. Da fasinjoji 144 ɗin nan, asarar dala 2,160 ce a tashi ɗaya, kuma sai ka samo mutum 164 kafin ka tsira. Yanzu ka ninka wannan da tashi ɗari a kowace rana. In ka ji lissafin nan ya ja hankalinka, har kana tambayar kanka ina za a samo ƙarin mutum 20 ɗin, to kwas ɗin naka ne. In kuwa ka ji ya gundure ka tun yanzu, ka sake tunani tun ba ka biya kuɗin makaranta ba.

Wannan lissafin ya taɓa kashe kamfani sukutum. Kafin 1978 gwamnatin Amurka ce ke tsayar da kuɗin tikiti da hanyoyin da kowane kamfani zai bi a cikin ƙasar. A shekarar ne Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara. Sai ga sababbin kamfanoni masu araha, irin su People Express da ya fara tashi a 1981. Kamfanin American Airlines, ƙarƙashin Robert Crandall, ya mayar da martani a 1985 da wata dabara: ya sayar da wasu kujeru da arha sosai ga wanda ya saya da wuri, ya riƙe sauran da tsada domin ɗan kasuwar da tafiya ke taso masa ba shiri, kuma kwamfuta ce ke ƙiyasta yawan kowane kaso a kowane tashi. Zuwa 1987 People Express ya narke a cikin kamfanin jirage na Continental. Dalilin da ya sa mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya amma kuɗin tikitinsu ya sha bamban ke nan, kuma har yau ana ɗaukar ɗaliban da suka iya wannan fannin aiki.

Wajen zaɓen makaranta, kada hoton jirgi a bangon takardar talla ya ruɗe ka. Nemi jerin darussan shekara-shekara ka karanta da biro a hannu. Ka ga akwai ilmin akanta, da na sarrafa kuɗi, da ƙididdiga, da tattalin arziki, a matsayin darussan dole? Ko kuwa an cika jerin da tarihin jiragen sama da kula da fasinja, an ɗan yayyafa kasuwanci a kai? Ni na biyun ba na ba kowa shawarar shigarsa. Ka kuma binciki malaman: a samu aƙalla wasu da suka taɓa aiki a kamfanin jirgi ko filin jirgi ko hukumar kula da sufurin sama. Akwai ƙungiyoyin da ke tantance ingancin kwasa-kwasai, AACSB ta ɓangaren kasuwanci, AABI ta ɓangaren jiragen sama, kuma shaidarsu alama ce mai kyau, ko da yake rashinta ba ya nufin makaranta ba ta da kirki. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce: akwai zangon koyon aiki a kamfani a cikin tsarin karatun, kuma makarantar ce ke samar da gurbin ko ɗalibi ake bari ya yi ta yawo? Sai kuma ka nemi waɗanda suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce ka ji inda suke aiki. Bakinsu ya fi na ofishin ɗaukar ɗalibai gaskiya.

Sanannun makarantu a fannin sun haɗa da Embry-Riddle a Amurka, da Cranfield a Ingila, da ENAC a birnin Tulus na Faransa. Amma ba dole sai su ba. Akwai ma wata hanyar da nake ganin ƙimarta: ka yi digirin farko a tattalin arziki ko akanta ko kasuwanci zalla, sannan ka ɗora digiri na biyu a harkar sufurin sama. Cranfield, alal misali, a matakin digiri na biyu take koyar da wannan fannin.

Tun kafin ka shiga, gyara lissafinka da Turancinka. Da Turanci ake rubuta kwangiloli da littattafan aiki na wannan sana'a kusan ko'ina a duniya.

Idan karatu ya kankama, za ka ga abokanka na cika aji ranar darasin nau'o'in jirage, ranar akanta kuwa kowa na hamma. Kai ka juya abin. Ka koyi manhajar lissafi ta Excel har ta zauna a hannunka, ka ƙara da SQL, harshen zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta, in da hali ka taɓa Python, harshen rubuta manhaja, domin tulin bayanan fasinjoji za a ajiye a gabanka ranar farko a ofis. Ga wata al'ada da ta amfane ni fiye da littattafai da yawa: ka zaɓi kamfanoni biyu masu tsari mabambanta, a ce Ryanair da Lufthansa, ka sauke rahotonsu na shekara daga intanet, kyauta ne, ka ajiye su gefe da gefe. Ka nemo kuɗin da kowannensu ke kashewa a kan kujera ɗaya a kilomita ɗaya, da abin da yake samu a kanta. A nan za ka gane me ya sa kamfanin Southwest na Amurka ya daɗe yana amfani da Boeing 737 kaɗai: horon matuƙa iri ɗaya, kayan gyara iri ɗaya, kowane jirgi na iya maye gurbin ɗan'uwansa. A nan za ka ga mai na cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin da kamfani ke kashewa, ka kuma ga cewa kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, ba mallakar masu tashi da su ba. Kuɗin mai da na haya da na kayan gyara galibi da dala ake biya, don haka kamfanin da ke sayar da tikiti da kuɗin ƙasarsa, ranar da kuɗin ya faɗi, sai ya wayi gari cikin asara ko da jiragensa cike suke maƙil.

Darasin shari'a kuma kada ka haddace shi don jarrabawa kawai, domin shi ke shata iyakar kasuwar. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta tabbatar cewa kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta, kuma ita ta haifi ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, da ke Montreal. Saboda haka kamfani ba ya tashi kawai ya buɗe hanya zuwa wata ƙasa don ya hango riba, sai gwamnatocin biyu sun ƙulla yarjejeniya a kan wanda zai tashi da sau nawa. Afirka ta amince da buɗe sararinta ga kamfanoninta a Shawarar Yamusukro ta 1999, aka ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a 2018, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya, kuma wannan fage ne da ke buƙatar matasa masu ilmin abin. Ka san Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara diyyar fasinja da kayansa. Ka san dokar gurbin sauka da tashi a filaye masu cunkoso irin Heathrow na Landan, inda kamfanin da bai yi amfani da kashi 80 cikin ɗari na gurbinsa ba zai iya rasa shi.

Sai batun kiyaye rayuka, wanda nake roƙonka ka ɗauke shi da gaske ko da maki kaɗan ne a kansa. A ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasu. Hazo, da rashin fahimtar magana ta rediyo, da gaggawar tashi duk sun taka rawa. Gaggawar nan ita ce ta shafe ka. Manajan da ya tsara jadawali matsattse, ko ya rage ma'aikata, ko ya riƙa ɗaure fuska ga injiniyan da ya ce jirgi ba zai tashi ba, ya sa hannu a harkar lafiyar jirgi ko da bai taɓa riƙe sifana ba. ICAO ta keɓe Rataye na 19 na yarjejeniyar Shikago ga tsarin gudanar da kiyaye rayuka tun 2013. Ka karanta rahotannin binciken haɗurra, a buɗe suke ga kowa, ka lura da yadda sau da yawa zaren ke komawa ga wata shawara da aka yanke a ofis.

In lokacin koyon aiki ya zo, kada ka raina aikin ƙasa, ko da na asuba ne. Tsaya kusa da jirgin da ya sauka ka kalli abin da ke faruwa cikin minti talatin ko arba'in. An sa wa tayoyi waigi, an jona matakala, fasinjoji na fita ta gaba, masu shara na jiran su shiga, motar mai ta ja tiyo ƙarƙashin fiffike, jakunkuna na gangarowa a kan bel, wani kuma na riƙe da takardar nauyi yana lissafin inda za a ɗora kowane kaya don kada jirgi ya rinjaya gaba ko baya. Idan aka makara, ko da minti biyar ne, sai an rubuta lambar dalili daga jerin lambobin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma lambar ce ke nuna sashen da zai amsa tambaya. Ka saurari gardamar da ake yi a kan wannan lambar. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin ba zai zauna a ofis ya rubuta wa jirgi minti ashirin a ƙasa ba tare da ya san wa zai ji a jikinsa ba.

Kada kuma ka taƙaita neman aikinka ga kamfanonin jirage. Filin jirgi kasuwanci ne mai zaman kansa, yana samun kaso mai tsoka na kuɗinsa daga hayar shaguna da wurin ajiye motoci da gidaje. Akwai kamfanonin dakon kaya, da masu hidimar ƙasa, da hukumomin gwamnati, da kamfanonin ba da hayar jirage, waɗanda da yawansu, har da AerCap, ke zaune a Dublin. Sana'ar tana da hawa da sauka masu tsanani. A 2020, lokacin annobar korona, fasinjojin duniya sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari, daga biliyan 4.5 zuwa biliyan 1.8, aka sallami ma'aikata ba adadi. Abokan aikina da ke da ƙarfi a akanta da nazarin bayanai sun samu mafaka a bankuna da kamfanonin jigilar kaya har ƙura ta lafa, wasunsu suka dawo.

Aikin bincikenka na shekarar ƙarshe, ka yi shi a kan tambaya ƙarama mai lambobi, ba babban take irin “matsalolin sufurin sama” ba. Ɗauki garuruwa biyu da babu jirgi kai tsaye a tsakaninsu, ka ƙiyasta masu tafiya, ka zaɓi jirgin da ya dace, ka lissafa kuɗin tashi ɗaya da yawan kujerun da sai an cika, sannan ka faɗi ko a buɗe hanyar ko a bari, da hujjarka. Ka buga shi a shafi biyu ka tafi da shi ranar ganawar neman aiki.