Matakan zana hoton barkwanci na ɗan wasan dandali

Da farko ka kalli mutumin yana wasa, a dandali ko a bidiyo. Hoton da aka ɗauke shi a tsaye ba zai ishe ka ba, domin da motsi ake gane ɗan wasa: yadda yake ɗaga gira, riƙon makirufo, karkata kai in zai yi magana.

Sai ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka bambanta fuskarsa da ta kowa. Nan aikin yake. In ka ƙara girman hanci da kunne da baki duka, kama ta tafi. Ƙara ɗaya, rage na kusa da shi, domin tazarar ido da hanci da baki ce ke riƙe kama.

Fara da siffar kai, da fensir, kar ka danna. Jiki kuwa ka ƙanƙanta shi, amma ka bar masa tsayuwarsa ta dandali.

Kar ka taɓa nakasa ko tabo, wannan cin fuska ne.

Kafin ka bi da tawada, nuna wa wanda ya san shi, kar ka faɗi suna. In ya yi jinkiri, koma kan siffar kai.