Yadda Za Ka Tattara Tarihin Mai Alherin Garinku

Kada ka fara da iyalansa, alkunya ba za ta bari su faɗi komai ba. A nan Kumo, ni wajen mai unguwa da liman nake somawa, sannan 'yan ga-ruwa, don su suka san rijiyoyin da marigayi ya haƙa.

Tsofaffin mata kuwa, shimfiɗa tabarma ka ba su lokaci. Su ke tuna buhun geron da ake ajiye musu a zaure da azumi, ba sallama. Nemi izini kafin ka naɗi muryarsu a waya. In shekaru suka rikice musu, tambaye su: kafin a ba mu Jihar Gombe a 1996 ne ko bayan nan?

Waɗanda ya biya wa bashi, kada ka rubuta sunayensu.