Yadda za a raba kayan mamaci ba tare da rigima ba

Jama'ar Aboabo da Asawase a Kumasi, dan Allah mu gyara wannan abu, zumunci na watsewa kan keken ɗinki da zannuwa.

Na farko, bayan jana'iza a kulle ɗakin, makulli ya zauna hannun dattijon da kowa ya yarda da shi. Kar wata ta ce bari in ɗau sarƙar Hajiya don tunawa, wallahi daga nan ake fara gaba.

Na biyu a zauna gaban kowa a rubuta komai a littafi, akwati, gwal, waya da kuɗin MoMo (asusun kuɗi na waya) da ke ciki, a ɗauki hoto a tura group ɗin gida saboda 'yan'uwan da ke Nima a Accra ko Turai su gani da idonsu.

Sai a biya bashi tukuna, sannan wasiyya, ita kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku.

Daga nan a kira malamin da ya san gado ya sa wa kaya kuɗi, wanda ke son wani abu a cire daga rabonsa. In akwai gida ko kuɗi a banki a tuntuɓi lauya, don dokar gado ta Ghana ta 1985, PNDC Law 111, tana nan kuma kotu da ita take aiki kan abin da mamaci bai bar wasiyya a kai ba.

Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu.