Kare Ɗan Jagora: Abin da Sabon Zuwa Amurka Ya Kamata Ya Sani

A watannina na farko da fara tuƙin motar haya a New York, wata safiya ta hunturu na tsaya ɗaukar wata dattijuwa a bakin wani asibiti a unguwar Bronx, sai da na matso na lura tana tare da wani ƙaton baƙin kare da aka yi wa ɗamara a ƙirji, hannunta na hagu riƙe da wani mariƙi mai tauri da ya fito daga ɗamarar. Gabana ya faɗi, domin ina da alwala, sallayata kuma tana ninke a kujerar baya. Na sauke gilashi ina laluben uzurin da zan kawo, amma kafin in buɗe baki ta riga ta lalubo ƙofa ta buɗe, ta ce da ni cikin natsuwa, "Kada ka damu, ba ya hawa kujera." Karen ya shiga ya naɗe a ƙasa wajen ƙafafunta kamar an ajiye buhu, kuma har muka yi tafiyar kusan minti arba'in bai yi haushi ba, bai ko ɗaga kai ya dube ni ba. Da dare na ba wani dattijo mutumin Kumasi labari, wanda ya girme ni a wannan sana'a da shekaru masu yawa, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, Allah ne ya rufa maka asiri. Da ka bar ta a tsaye, da ka zubar da abincinka da hannunka."

Na fara da wannan ne saboda yawancinmu da muke zuwa daga Kano, Damagaram, Maraɗi ko zangon Accra, da tuƙi, tsaron kanti, aikin gidan abinci ko kula da tsofaffi muke fara neman na kai, kuma a duk waɗannan ayyuka ko ba daɗe ko ba jima sai irin wannan kare ya tsaya a gabanka. Tsoron da muke yi masa ba na banza ba ne. Mun taso ne a inda kare ko dai na farauta ne, ko na gadi, ko kuwa na yawo a kan bola wanda ba a san ko mahaukaci ba ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ciwon haukan kare yake kashe mutum ba zai zargi uwar da ke janye ɗanta ba. Sai dai wannan karen daban ne, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a tuna da ɗan jagora. A gida makaho yana da yaron da ke riƙe masa sanda, yana ƙetarar da shi titi, yana kai shi kasuwa da masallaci, sau da yawa ma yaron ya rasa karatunsa saboda haka. To, a nan aikin wannan yaron ne aka koya wa kare, kuma doka tana kallon wanda ya kori karen a matsayin wanda ya kori mai shi.

Abin ya samo asali ne daga Jamus, inda aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg a 1916 saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta yi rubutu a kan wannan aiki a 1927, wani matashi makaho mai suna Morris Frank ya ji labarin ya tafi wurinta, ya dawo da karya mai suna Buddy, shi da Eustis kuma suka kafa makarantar The Seeing Eye a 1929, wadda har yau take aiki a Morristown ta jihar New Jersey. Daga baya aikin ya wuce makafi. Ƙungiyar Canine Companions, da aka kafa a Santa Rosa ta Kalifoniya a 1975, ta shahara da horar da karnuka domin masu nakasar gaɓoɓi. Yau akwai karen da ke ɗauko wa mai keken guragu makullin da ya faɗi, ya buɗe masa ƙofa, ya danna maɓallin lifta. Akwai na kurma, wanda ke taɓa shi idan an ƙwanƙwasa ƙofa ko ƙararrawar gobara ta tashi. Akwai wanda ke sansano sauyin sukari a jikin mai ciwon suga. Akwai mai tsayawa kan mai farfaɗiya ya nemo taimako. Akwai kuma wanda ke tada tsohon soja daga mugun mafarki. Saboda haka kada ka ga mutum da idonsa garau, yana tafiya da ƙafarsa, ka yanke hukuncin cewa ƙarya yake yi, domin ba kowace lalura ce ake gani da ido ba.

Horon da ake ba su shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Galibi ana zaɓar jinsin Labrador, Golden Retriever ko karen makiyayan Jamus, kuma tun ɗan kwikwiyo yana da kimanin mako bakwai ko takwas ake miƙa shi ga wani iyali na 'yan sa-kai, su riƙe shi fiye da shekara guda. Aikinsu shi ne su saba masa da duniya: jirgin ƙasa, kasuwa, kukan jarirai, ƙarar jiniya, ƙamshin nama a gidan abinci, har ya zama babu abin da ke razana shi ko ya ɗauke masa hankali. Daga nan sai ya koma makaranta ya yi wasu watanni a hannun ƙwararru, inda yake koyon tafiya a miƙe a gefen hagu na mai shi, da tsayawa cak a duk inda daɓen gefen titi ya ƙare ko matakala ta fara, da kauce wa rami, har da lura da reshen bishiya ko allon kanti da shi kansa zai wuce ta ƙarƙashi lafiya amma zai bugi goshin mutum. Da yawa ba sa cin wannan jarrabawa, sai a mayar da su karnukan gida. Wanda ya ci, sai a duba saurin tafiyarsa da halinsa a haɗa shi da mutumin da ya dace da shi, su yi makonni suna koyon juna, sannan su yi aiki tare kamar shekara takwas kafin karen ya yi ritaya.

Mutane da yawa suna zaton karen ne ke karanta danja, alhali ba haka ba ne. Makahon ne ke sauraren motsin motoci, shi ne ya san inda za shi, shi ne kuma ke ba da umarnin a ƙetara. Amma an koya wa karen wani abu mai wuyar gaske, wato ƙin bin umarni idan bin sa zai jawo halaka: idan an ce ya wuce alhali ga mota ta ɓullo ba a ji ta ba, musamman motocin lantarki na yanzu da ba su da ƙara, sai ya toge, ko ma ya ja mai shi baya. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa ba a yi wa karen fito, ba a kiran sa, ba a shafa shi, ba a miƙa masa guntun tsire yana bakin aiki. Daƙiƙa biyu da zai juyo ya dube ka sun isa a yi ɓarna. A ja wa yara kunne sosai a kan wannan, haka kuma a kan ihu, gudu da jifa, domin yaron da ya ɗauki dutse a nan iyayensa ya jawo wa magana. Idan kana son yin magana, yi da mutumin, kuma idan ka ga kamar yana neman taimako, tambaye shi tukuna maimakon ka cafki hannunsa ko ka kama mariƙin karen.

Dokar da ta tsaya wa wannan al'amari ita ce dokar kare haƙƙin masu nakasa da ake kira ADA, wadda Shugaba George Bush babba ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli, 1990. Bisa ƙa'idojin Ma'aikatar Shari'a da suka fara aiki a 2011, karen aiki shi ne wanda aka horar ya yi wani takamaiman aiki ga mai nakasa, kuma yana da damar shiga duk inda jama'a ke shiga: kanti, gidan abinci, otal, asibiti, motar haya. Idan kai ne a bakin ƙofa kuma ba a fili take ba cewa karen na aiki ne, tambaya biyu kaɗai aka yarje maka: shin ana buƙatar karen ne saboda wata nakasa, kuma wane aiki aka koya masa? Ba ka da ikon tambayar mutum ciwon da ke damunsa, ko ka nemi takarda, ko ka ce karen ya gwada aikin a gabanka, kuma doka ba ta wajabta masa sa riga ko wata alama ba. Ba a ƙara masa kuɗi, ba a kai shi lungu a ware shi. Tsoron kare ba hujja ba ce, haka ma atishawa ko ƙaiƙayin da gashinsa ke sa wasu. Inda kawai za ka iya cewa a fitar da shi shi ne idan ya fita daga ikon mai shi, yana haushi ko kai cizo ba a tsawata masa ba, ko kuwa yana ƙazanta a cikin wuri, kuma ko a nan ma sai ka ci gaba da yi wa mutumin hidima ba tare da karen ba.

Ga direbobi abin ya fi tsanani. Ƙa'idojin Uber da Lyft sun fito fili cewa direba ba zai ƙi mai karen aiki ba ko da dalilinsa na addini ne ko na lafiya, kuma wanda aka tabbatar ya yi hakan da gangan ana iya rufe masa manhaja har abada. Dabarar nan ta hango kare daga nesa a soke tafiya a ce ba a ga fasinja ba, kamfanonin sun san ta sarai. 'Yan'uwanmu da ke Ingila su ma su sani cewa dokar daidaito ta 2010 ta mai da ƙin ɗaukar mai karen jagora laifi ga direban tasi, tararsa tana iya kaiwa fam 1,000, ga kuma barazanar rasa lasisi, sai fa wanda ya riga ya karɓi takardar uzurin rashin lafiya daga ƙaramar hukumarsa.

Saura maganar tsarki, wadda ita ce ainihin abin da ke cin zukatanmu. Ni ba malami ba ne, amma abin da muka karanta a zaure shi ne cewa a mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawan Hausawa suke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin ibada, ba don najasa ba. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, hadisai kuma sun ba da izinin ajiye kare domin farauta, kiwo da tsaron gona. 'Yan'uwanmu Somaliyawa da ke bin Shafi'iyya sun fi mu tsanantawa, kuma na lura wasunmu suna ɗaukar tsananin daga wurinsu a tashar jiran fasinja ba tare da sun koma ga nasu malaman ba. Ko a wajen masu ganin najasa ce, ai wankewa ake yi, kuma taɓa kare ba ya karya alwala. A 2008, a garin Leicester na Ingila, bayan malaman Musulunci na ƙasar sun ba da fatawa, wani masallaci ya tanadi wuri daga wajen ɗakin salla inda karen wani matashi makaho zai kwanta har a idar. A Amurka dokar ADA ba ta hau kan wuraren ibada ba, don haka ya rage ga kwamitin kowane masallaci ya yi shawara, kuma gara a yi ta tun kafin ranar da wani bawan Allah zai tsaya da karensa a bakin ƙofa ana kallon-kallo.

Wanda ya zo da makaho ko mai wata nakasa a cikin iyalinsa, ya sani cewa wannan dama har da shi. Makarantun sukan ce renon kare ɗaya da horar da shi yana cin dala 50,000 ko fiye, amma da gudummawar jama'a ake biya, ta yadda Guide Dogs for the Blind ta Kalifoniya kyauta take bayarwa, The Seeing Eye kuma dala 150 take karɓa a kan kare na farko. Sharaɗin shi ne mutum ya fara iya tafiya da farar sanda shi kaɗai, ya kuma iya ɗaukar nauyin ciyar da karen da tsaftarsa, sannan ya yi haƙurin jira, domin layin yakan yi tsawo. Galibi mai gidan haya ba shi da ikon hana shi ajiye karen ko da dokar ginin ta hana dabbobi. Amma kada kowa ya sayi rigar karen aiki a intanet ya sa wa karen da ba a horar ba, domin a Kalifoniya wannan laifi ne da ke iya kai mutum ga tarar dala 1,000 ko ɗaurin wata shida.

Ni dai tun daga ranar dattijuwar nan na sayi wani tsohon bargo na ajiye a but, idan na hango mai kare sai in fito in shimfiɗa shi a ƙasan kujerar baya, in gaya wa fasinjan ta wane gefe ƙofar take, in tura kujerar gaba don karen ya sami wurin miƙe ƙafa. Sallayata kuwa na mayar da ita cikin jaka a gaba, kusa da ni.