Jar Giyar Italiya: Kurakuran Sababbin Masu Kai Abinci Tebur

Kusan duk sabon yaron da aka ɗauka aiki a gidan abincin Italiyawa sai ya faɗa ramin Montepulciano. Baƙo ya nemi jar giyar Vino Nobile di Montepulciano, yaro ya ruga ya ɗauko Montepulciano d'Abruzzo ya buɗe. To, ba abu ɗaya ba ne! Ta farko daga wani gari take mai suna Montepulciano a yankin Tuskani, kuma aƙalla kashi 70 cikin ɗari inabin Sangiovese ne. A ta biyu kuwa Montepulciano sunan inabin ne da kansa, daga yankin Abruzo, ta kuma fi araha. Kwalbar da aka cire wa toshiya ba ta komawa ma'aji, daga albashi ake zare kuɗinta, ni ma an zare min. Tun daga nan ba na taɓa mabuɗi sai na nuna wa baƙo takardar jikin kwalba, na karanta masa sunan duka, ya gyaɗa kai.

Sai wanda ya fi ɓata min rai: Barolo da kifi. Haba jama'a! Kun ga launinta bai yi duhu ba, sai ku ɗauka mai sauƙi ce. Inabin Nebbiolo na yankin Piyamonte, wanda ake yin Barolo da shi, bauri ne da shi kamar goro, shi ya sa doka ta ce sai Barolo ta yi aƙalla wata 38 a ajiye kafin a sayar. Baurin nan in ya haɗu da kifi, ƙarni da ɗanɗanon ƙarfe yake bari a baki. Abin da yake so shi ne naman sa da ya daɗe a tukunya, ko tsohon cuku, domin maiƙo ne ke kwantar da shi. Taliya da miyar tumatir kuma tsami take nema, ni Barbera nake miƙawa ko Chianti, domin giya ce mai tsami. Wasu na musu da ni kan wannan, su suka sani.

Kada a ba mai cin barkono Amarone. Da busasshen inabi ake yin ta, ƙarfin barasarta kan kai kashi 15 cikin ɗari, harshe zai kama wuta. Jar giya a zafin digiri 16 zuwa 18 na ma'aunin Celsius ake zuba ta, ba da ɗumin kicin ba, amma Lambrusco firiji take so. In baƙo ya ce Chianti Classico, a duba hoton baƙin zakara, wanda shi ne alamarta, a jikin kwalbar kafin a fito da ita.