Kurakuran da Aka Fi Yi Kan Yadda Jijiya Ke Isar da Saƙo ga Tsoka

Babban kuskure shi ne ɗaukar jijiya da tsoka tamkar wayoyin lantarki biyu da aka ƙulla. Ko taɓa juna ba sa yi. Akwai rata tsakaninsu mai faɗin kusan nanomita 50 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma lantarkin jijiya ba ya tsallake ta. Sinadarin asetilkolin ne ke tsallakewa. Tun 1921 Otto Loewi ya nuna, da zuciyar kwaɗo, cewa jijiya na aika saƙo da sinadari.

Gyaran shi ne a riƙe jerin daidai. Saƙo ya iso bakin jijiya, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya shigo daga waje, sai 'yan jakunkunan da ke cikin bakin jijiyar su zazzage asetilkolin cikin ratar. A jikin tsoka akwai makarɓa, wato ƙofofin da asetilkolin ke kamawa, kuma sai ƙwaya biyu na asetilkolin sun kama makarɓi ɗaya kafin ya buɗe sosai. Daga nan sodiyam ya kwarara cikin tsoka, cajinta ya tashi daga wajen milibolt -90, sabon saƙon lantarki ya tashi.

A nan ne ɗalibai ke cakuɗa kalsiyam biyu. Na jijiya daga waje yake zuwa, aikinsa sakin asetilkolin. Na tsokar ƙashi kuwa daga rumbun cikinta yake fitowa, ya kama wani furotin na cikin tsoka mai suna turofonin, tsoka ta tsuke.

Wasu kuma na zaton yawan asetilkolin ƙarin ƙarfi ne. A'a. Enzayim ɗin asetilkolinestares na farfasa shi nan take domin makarɓa su huta su jira saƙo na gaba. Maganin ƙwari nau'in oganofosfet yana toshe wannan enzayim, sinadarin ya taru, tsoka ta yi ta karkarwa, daga bisani ta shanye, har numfashi ya gagara. Atirofin, maganin da ake ba wanda wannan guba ta shafa, na tsayar da dalalar miyau da majinar ƙirji, amma ba ya dawo da ƙarfin tsoka, domin makarɓan tsoka wani nau'i ne daban da wanda atirofin ke aiki a kansa. Ana yawan mance wannan.

Idan an ga rauni, a tambaya: a wane gefen ratar matsalar take? Gubar botulinum, wadda wata ƙwayar cuta ke fitarwa, na hana jijiya sakin asetilkolin. A cutar mayastiniya kuwa jijiya na saki lafiya lau, garkuwar jiki ce ke lalata makarɓan tsoka, shi ya sa fatar ido ke faɗuwa, raunin kuma ya ƙaru da maraice.